Ƙa'ida da Tawakkali: Tambayar da Ke Bin Majinyaci Har Gida

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a asibitin karkara ya san maganar da ake sallamar majinyaci da ita: "A sha bisa ƙa'ida." Ma'aikacin lafiya zai ɗauki biro ya ja layi a bayan kwalin, ɗaya na safe, ɗaya na dare, don wanda bai yi boko ba ya gane. Daga cikin garin Ajingi zuwa Toranke, Balare, Gafasa da Kunkurawa, har babban asibitin Gaya, maganar ba ta sauyawa. Majinyaci ya ce to, ya hau babur ya koma gida. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo, sai a ɗaure ragowar ƙwayoyin a leda a jefa cikin kwalla, ajiyar wata rana. In ɗansa ya ce, "Baba, ai ba ka shanye ba," amsar a shirye take: "Na ji sauƙi, yaro. Dama sauƙi na Allah ne."

Babu Musulmin da zai musa wa dattijon nan cewa sauƙi na Allah ne. Gaskiya ya faɗa, kuma da imani ya faɗe ta. Abin dubawa shi ne ko wannan gaskiyar ta sauke masa nauyin ƙwayoyin da suka rage.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za ta kira tsarin da ake ɗora wa mara lafiya ba. Akwai doka, akwai sharaɗi, akwai hani. Amma bakin mutane a kan ƙa'ida ya tsaya, kuma zaɓin ya dace. Doka daga sama take saukowa, mai iko ne ke kafa ta, in ya juya baya a karya. Ƙa'ida kuwa, a Larabcin da Hausa ta aro ta, harsashin gini ce, abin da bango ke zaune a kai. Da jam'in wannan kalma Alƙur'ani ya ambaci harsashin Ɗakin Ka'aba da Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila suka ɗaga, a cikin Suratul Baƙara. Ɗan Islamiyya ma kan fara haɗa baƙi da littafin da ake kira Ƙa'idar Bagadadi, wato tushen da karatu zai hau. Idan tela ya ce ɗinki bai tafi bisa ƙa'ida ba, ba yana nufin an saɓa wa hukuma ba. Yana nufin rigar ba za ta zauna a jiki ba. To matsalar ita ce, a bakin tagar karɓar magani, ana faɗin ƙa'ida amma kunne doka yake ji. Majinyaci kan ɗauka cewa kwana uku ko wata shida da aka ce ya sha magani umarnin likita ne kawai, kamar yadda ake hana ajiye babur a ƙofar ofis, don haka in jiki ya yi daɗi, likita kuma ba ya gani, shi ke nan.

Masu cewa mutanen karkara ba su iya riƙe tsari ba, ba su zauna da su ba. Mutumin da ke tashi kafin alfijir kowace rana ta Allah, ya yi salla biyar a kan lokaci, ya kame bakinsa kwana 29 ko 30 ko da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, ba za a koya masa juriya ba. Matar da mijinta ya rasu tana zaman takaba wata 4 da kwana 10 ba ta tsallake yini. Mai jego tana wanka safe da yamma har kwana 40. Ɗan ɗariƙa ba ya kwana da bashin wuridi. Kuma barin magani a tsakiya ba ciwon Ajingi kaɗai ba ne: a rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003, ta ce ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu ciwon da ke buƙatar dogon magani ne kawai ke sha yadda aka tsara. Bambancin da ke nan shi ne, a wajenmu, sau da yawa da kalmar addini ake rufe gibin. Saboda haka da addini ya kamata a fara amsawa.

Malaman farko sun riga kowa yin wannan muhawara, kuma sun yi ta da zurfi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddin a kan tauhidi da tawakkali, inda ya kasa hanyoyin kawar da cuta gida uku. Akwai wanda amfaninsa tabbas ne, kamar ruwa ga mai ƙishi da abinci ga mai yunwa; barin wannan ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron mutuwa. Akwai wanda ake kyautata zaton zai yi amfani, kamar ƙaho da tsaga da magungunan likitoci. Yin sa ba ya rushe tawakkali, barin sa kuma bai zama laifi ba. Sai na uku, wanda zato ne kawai mara ƙarfi, shi ne ya ce mai tawakkali ya bar shi. A nan ne wasu ke samun mafaka, su ce ai ga shi Gazali ma bai wajabta magani ba. Amma wane magani Gazali ya sani? Likitancin zamaninsa kusan duk a gida na biyu yake, domin ba a san ƙwayar cuta ba, balle a auna abin da ke kashe ta. Mizanin da ya kafa shi ne ƙarfin tabbacin amfani, kuma da wannan mizanin nasa ne wasu magungunan yau suka matso kusa da ruwa ga mai ƙishi.

Tun kafin Gazali ma akwai labarin da kowane mai wa'azi ya sani. A zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka tare shi da labarin annoba. Bayan shawara ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida, sahabin da Umar ke ganin girmansa ƙwarai, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kai raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar gefen da ya bushe. Daga baya Abdurrahman bin Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa. Abu Ubaida ya zauna da rundunarsa a Sham, a wannan annobar ya rasu. Ba wanda ya taɓa cewa ɗayansu ya rasa tawakkali.

Akwai kuma wani hadisin da ya fi kusa da maganar ƙa'ida, ko da yake ba a cika jin sa a majalisi ba. Ummul Munzir ta ba da labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gidanta tare da Sayyadina Ali, wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Akwai dabino a rataye, Annabi ya ci, Ali ma ya miƙa hannu, sai aka dakatar da shi saboda jikinsa bai gama murmurewa ba. Da ta dafa sha'ir da ganye, sai aka ce masa ya ci wannan, shi ya fi dacewa da shi. A lura da halin da Ali yake ciki: ya miƙe, yana tafiya, har yana ziyara. Da a Ajingi ne sai a ce ya ji sauƙi. Duk da haka ba a sallame shi daga kiyaye abinci ba, domin tsakanin sauƙi da warkewa akwai tazara. Malaman likitancin Musulunci suna kiran irin wannan kiyayewa himya, kuma Ibnul Ƙayyim ya lissafa ta cikin ginshiƙai uku na kula da jiki, tare da tsare lafiyar da ake da ita da fitar da abin da ya ɓaci a jiki. Ya kafa hujja da rangwamen taimama: idan Allah ya yarje wa mara lafiya ya bar ruwa don kada ya cutu, ashe nisantar abin cutarwa umarni ne daga tushen shari'a.

Wannan ilimi bai tsaya a Bagadaza da Dimashƙa ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da yaƙi da mulki da ke kansa, ya samu lokacin rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon basur da na ciwon ido. Mutanen da suka kafa daular da ƙasar Gaya ta kasance a cikinta ba su ga rigima tsakanin dogaro ga Allah da bin tsarin jinya ba.

Manomin Ajingi ma bai gan ta ba, a gonarsa. Ya san ruwan sama na Allah ne, ya san albarka ta Allah ce, amma ba a taɓa jin ya yi noman firi ya ga gero ya yi kore shar sannan ya ce maimai ba dole ba ne tunda Allah ke ba da amfani. Ya san ciyawar da ta rage a ƙasa ita ce za ta cinye gonar. Tawakkalinsa yana tare da fartanyarsa har ranar girbi.

Tarin fuka shi ne ciwon da ya fi fito da wannan magana fili. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ɗauke da shi, Kano kuma tana cikin jihohin da ya fi yawa. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware, tsarinsa kuma sananne: wata 2 ana shan haɗin magunguna 4 kullum, sannan wata 4 ana shan haɗin guda 2. Cikin 'yan makonni tari kan lafa, zufar dare ta tsaya, mutum ya fara mayar da jiki. Wannan shi ne lokacin da ya fi haɗari, domin ƙwayoyin cutar da suka mutu da wuri su ne masu saurin hayayyafa. Akwai wasu da ke lafewa cikin huhu, ba sa mutuwa sai an daɗe ana bi ta kansu. Wanda ya tsaya a wata na biyu ya bar waɗannan da rai. Ciwon kan dawo, kuma shan magani a tsittsinke na iya sa ya dawo da ƙwayar da ba ta jin maganin farko. An fara ganin ƙwayar da ba ta jin magani tun gwajin da aka yi a Ingila a ƙarshen shekarun 1940 da allurar streptomycin, inda cikin 'yan watanni ƙwayar ta koyi jure mata. Shi ya sa ake haɗa magunguna da yawa, shi ya sa kuma aka fito da tsarin shan magani a gaban ma'aikacin lafiya ko wani amintacce na gida, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin matsalar gaggawa ta duniya a 1993. Wata shidan nan ba likita ne ya ga dama ya yanka ba. Daga ɗabi'ar da Allah ya halicci ƙwayar cutar a kanta aka ciro shi, bayan shekaru ana gwaji a Indiya da gabashin Afirka. Idan an bi tsarin, fiye da mutum 8 cikin 10 na warkewa. Idan ba a yi magani ba, kusan rabi ne ke mutuwa.

Sannan mai tarin fuka ba shi kaɗai yake shaƙar iskar ɗakinsa ba. Akwai matarsa, akwai jaririn da ke kwana a gefensa, akwai waɗanda ke haɗa sahu da shi. Nan maganar ta tashi daga zaɓin mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ta koma haƙƙin bayi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barin sa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa, ko kuma idan ciwon mai yaɗuwa ne zuwa ga wasu. Mutum na iya cewa ya haƙura da ciwonsa don neman lada. Ba shi da ikon haƙura a madadin ɗan wata shida.

Haka lamarin yake, a taƙaice, ga maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha sau 6 cikin kwana 3, da kuma na rigakafinsa da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a watannin damina. Masu rabo kan ba da na ranar farko da hannunsu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Amanar da ke cikin waɗannan ƙwayoyi biyu ƙanana ba ƙarama ba ce.

Sai dai ba duk abin da ake kira ƙa'ida ne ya wuce a bincike shi ba, kuma wankan jego misali ne mai kyau. Tsari ne cikakke da kakanni suka gina don kare mace daga sanyi: tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko tsamiya safe da yamma, kunun kanwa, nama mai yaji, a wasu wuraren har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Cikinsa akwai alheri mai yawa, domin yana ba mai jego hutu da abinci da kulawar dangi. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da zafin wankan da gishirin da ke cikin kanwa. Shekaru da dama bayan haka, binciken da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye ya jagoranta daga Kano ya nuna lamarin ya fi haka faɗi: rama, talauci, hawan jini lokacin ciki da ƙarancin wani sinadari a jiki mai suna seleniyam duk suna da hannu, kuma ba a ga hujja mai ƙarfi ta ɗora laifin a kan wankan kaɗai ba. Ashe likitoci ma suna komawa su gyara maganarsu, kuma wannan abin yabo ne a gare su. Abin da bai sauya ba shi ne, mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashinta ke sarƙewa, ko aka ce jininta ya hau, kanwa ba tata ba ce, asibiti take buƙata a ranar. Idan uwar miji ta ce, "Haka muka yi, ba abin da ya same mu," ba ƙarya ta yi ba. Amma waɗanda abin ya sama ba su nan balle su ba da nasu labarin. Ƙa'idar gida da ta asibiti duk ma'auninsu ɗaya ne, wato abin da suke haifarwa a jikin mutum.

Zalunci ne kuma a ɗora komai a kan fahimtar majinyaci. Da yawan masu cewa sun bar wa Allah, kuɗin babur zuwa Gaya ne suka rasa, kuma faɗin haka a gaban mutane ya fi nauyi a baki. Mai hawan jini da aka ce ya sha ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwa yana lissafi ne tsakaninta da kwanon masara. Mai kemis da ke yanka katin magani ya sayar da na ɗari biyu, alhali ya san na kwana biyar ake buƙata, shi ma yana da rabonsa na alhaki, ko da tausayi ne ya sa shi. Haka ma'aikacin lafiyar da ya miƙa maganin tarin fuka bai gaya wa mutum cewa fitsarinsa zai koma ja ba. Mutum ya gani ya tsorata, ya ce maganin yana ƙona masa ciki, ya daina. Minti biyu na bayani da sun tsare wata shida.

Akwai kuma yarda, wadda Kano ta san tsadarta. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ya bar tabo, kuma da wannan tabon aka shiga 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar har zuwa tsakiyar 2004. Abin da ya dawo da mutane ba tsawa ba ce. Sarakuna ne da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka shiga gaba, wasu suka fara da 'ya'yansu a bainar jama'a. Rabon Kano da samun yaron da asalin ƙwayar shan inna ta kama tun 2014, a Sumaila, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Wannan tsani na sarauta da malanta yana nan a masarautar Gaya, wadda Ajingi da Albasu ke ƙarƙashinta, kuma bai kamata aikinsa ya ƙare da shan inna ba.

Wurin da aka fi buƙatar muryar malam shi ne watan azumi, lokacin da ƙa'idoji biyu ke haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Tsohuwa mai ciwon suga ko dattijo mai ciwon ƙoda kan ji kunyar a gan shi yana shan ruwa da rana, sai ya ɗauki azumi a ɓoye ya ajiye magani. Likita zai yi ta magana ba a ji, domin a ganin majinyaci wannan ba hurumin likita ba ne. Alhali fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Gaya da Ajingi bai bar wurin shakka ba: mara lafiya yana da izinin ajiye azumi idan yana tsoron ciwon ya ƙaru ko warkewa ta yi jinkiri, kuma a Muhtasar na Shehu Halilu ajiyewar tana zama wajibi idan ana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Wasu magungunan ana iya mayar da lokacinsu zuwa sahur da buɗa-baki, wasu ba a iyawa, kuma ma'aikacin lafiya ne zai bambance. Limamin da ya ɗauki huɗuba ɗaya a watan Sha'aban ya karanta wa jama'a wannan babi, ya ce masu suga da hawan jini da tarin fuka su je asibiti a duba su kafin a ga wata, ya yi aikin da fastocin bango ɗari ba za su yi ba, domin daga bakinsa ne kawai dattijon zai yarda cewa shan ƙwayar da rana ba raunin imani ba ne.